Lambar Injin Mika'ilu

Ni ne Maude tela. A lokacin da abin nan ya faru, shekara goma ke nan bango ɗaya ya raba shagona da garejin Mika'ilu bakaniken babura a Nyanya, bangon ma na kwano, in ya yi tari a can allurata ce ke rawa a nan. Saboda haka ba wanda ya fi ni saninsa sai Indo matarsa, ita ma ba kullum ba.

Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, ka ga ke nan bawana ne tun kafin a haife shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa bai taɓa yin fari ba ko ranar Sallah. Ya zo Abuja tun ana sarar daji, tun Nyanya ba kowa sai leburori da masu sayar musu da tuwo. Aikinsa ba a kushe shi. Amma yana da wata cuta da na rasa maganinta: ba ya iya ganin mutum yana tura babur. In kayan gyara ba su samu ba, sai ya juya ga nasa jan baburin, ya kwance abin da ake nema ya ɗaura wa mutum, ya ce, "Je ka da shi, in ka samu naka ka dawo da wannan." Ban taɓa ganin wanda ya dawo da shi ba. Madubinsa na wurin mai burodi, kaburetarsa na wurin wani malamin makaranta a Karu. Sai ya nemo wani a panteka ya maye gurbin. Nakan ce masa baburinsa ya fi rigar da nake haɗawa da ƙyallaye yawan dangi.

Shekarar da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo Abuja gaba ɗaya, Nyanya ta cika ta batse. In ka shiga cikin gari ba abin da kake gani sai tireloli ɗauke da tebura da kabad na ƙarfe. Ma'aikatan da ba su sami gida a Garki ko Wuse ba duk mu suka zubo wa. A cikinsu akwai Alhaji Badamasi, wani dogon Bakatsine da ya yi shekara ashirin a Legas, mai wani baƙin babur kamar saniya. Mutum ne da komai nasa sai da takarda. Shi ya haɗa abokansa, ma'aikata da 'yan kasuwa su takwas, suka ƙulla cewa za su tafi Umra a kan babura, su riski azumi a Makka. Maiduguri, Chadi, Sudan, har bakin teku, a loda su a jirgin ruwa zuwa Jidda. Su takwas ɗin nan duk sun iya murza babur, amma ba wanda ya san inda fistin yake kwana. Sai suka ce Mika'ilu ne na tara.

Ranar da aka gaya masa, bai ci abinci ba. Ashe kakansa da ƙafa ya bar Zariya da sanda da buta ya nufi gabas, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ba a san ya isa ko bai isa ba. Mika'ilu ya ce ko ba komai zai taka inda tsohon ya taka. Na ce, "To ka bi a hankali, danginku in sun tafi ba sa gane hanyar gida." Bai yi dariya ba. Daga nan na san abin ya shige shi.

Aka shiga shiri tun damina ba ta ɗauke ba. Aka yi masa fasfo, aka yi masa allurar da ta kumbura masa hannu kwana uku. Ni na ɗinka musu jakunkunan tamfol goma sha takwas, biyu-biyu. Alhaji Badamasi ya kafa doka uku: ba goyo, saboda yashi, kowa da jarkar ruwa biyu, kowa da akwatin kayan gyaran baburinsa, har da fistin da ringi. Mika'ilu ya haɗa nasa akwatin tsaf. Kwana huɗu da haɗawa fulogi biyu suka bi wani ɗan acaɓa. Washegari da hantsi sai ga Indo a ƙofar shagona da akwatin a ka, ta lulluɓe shi da zane.

"Malam Maude, ka ajiye mini wannan a ƙarƙashin kekenka. Ko kuka ya yi kar ka ba shi."

"Indo, ai kukan Bazazzagi shi ne rediyona."

Ya zo ya roƙa ya fi sau goma. Nakan ɗora ƙafa a kan akwatin in ci gaba da taka keke.

Akwai kuma wata takarda mai kama da littafi, wadda babur ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da ita. A ciki ake rubuta lambar bodi da lambar da aka buga a jikin inji. Alhaji da kansa ya tsuguna a garejin, ya goge maiƙo da hankicinsa, ya kwafe lambobin Mika'ilu, ya aika Legas.

Bayan wannan da kamar wata guda, ranar kasuwar Karu, wani Bafulatani mai suna Ɗangoggo ya turo baburinsa har garejin, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Injinsa ya buga, ba gyara. Rugarsu kuma da nisa. Ina zaune ina kallo Mika'ilu ya sauke injin jan baburinsa ɗungurungum ya ɗora wa mutumin. Shi kuma ya je pantekar Idu ya samo wani injin da ya fi wancan lafiya, ya zauna a kansa mako biyu har ya koma kamar sabo. Murna yake ta yi. Tsohon injin dama yana da wani tari, in ya ɗauki wuta sai ya yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu kamar tsohuwa ta shaƙi barkono, na daɗe ina yi masa tsiya a kai. Ya ce, "Ka ga Allah ya raba ni da tarin da kake zagina da shi, ya ba ni na shiga hamada." Da Ɗangoggo ya dawo da injin sai Mika'ilu ya ce masa ya riƙe. A wurin Mika'ilu inji inji ne. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban kawo komai ba.

Takardun suka dawo daga Legas a watan Janairu. An sa Asabar ce tafiya. Ranar Talata da yamma Alhaji ya zo duba babura ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna a gindin na Mika'ilu, ya duba littafi, ya duba inji. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa.

"Mika'ilu, wannan injin na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ai ya fi wancan. Bari in tayar ka ji."

"Ban tambaye ka muryarsa ba. Ina wanda na kwafi lambarsa?"

"Na ba wani bawan Allah."

Alhaji ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce a iyakar Chadi abin da za a fara yi ke nan, a haɗa littafi da ƙarfe. In ba su yi daidai ba, babur na sata ne, mai shi ɓarawo, sauran takwas kuma abokan ɓarawo.

"To a sake takardar mana, oga," in ji Mika'ilu.

"A ina? Ofishin da ke yin ta, rabinsa na Legas, rabinsa na nan, fayil-fayil suna cikin mota a tsakani. Wannan ma wata huɗu ta yi."

"In hau bayan wani."

"Ba goyo. Kai ma ka sani." Ya rufe littafin. "Juma'a bayan an sauko zan dawo. In na ga lambar nan a jikin baburin nan, mu tara ne. In ban gani ba, mu takwas ne, Allah ya kare mu."

Da ya tafi Mika'ilu ya zauna a kan tsohuwar taya, ya zuba wa ƙasa ido. Na leƙo na ce akwai wani maƙeri da na sani, in ka ba shi guduma da awa ɗaya zai goge lambar nan ya buga maka ko sunan kakarka ne.

"In je ɗakin Allah da lambar ƙarya, Maude?"

"Ƙarfe ne zai yi ƙaryar, ba kai ba."

"Ni zan hau shi."



Laraba da sassafe na rufe shago na haye bayansa muka nufi rugar su Ɗangoggo a bayan Karu. Muka tarar ba ruga. Katafila ta bi ta wurin, an yanka wata jar hanya mai faɗi, sai turakun shanu da toka. Muka koma kara, wurin masu sayar da shanu. Wani ya ce sun yi Keffi. Wani ya rantse sun yi Kuje. Wani dattijo ya ce shi Ɗangoggo uku ya sani, wanne muke nema? Muka bi ta hanyar Keffi har azahar ta wuce, duk inda muka hangi farin sa sai mu ratse. Ba shi. Muka dawo da la'asar sakaliya, ban ce masa uffan ba duk hanya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da muka san juna.

Indo ce ta fitar da mu. Mu muna can muna tambayar maza, ita ta zauna a ƙofar gida ta tare masu tallar nono. Ta sayi na wannan, ta sayi na waccan, har gidan ya rasa ƙwaryar zubawa. Alhamis da hantsi ta aiko a kira mu.

"Wata Aminatu ta ce ƙanwarta na aure a rugar. Sun tashi tun wata biyu, suna bayan Idu, inda rafi ya yi gwiwa." Ta dubi mijinta. "Ku maza in abu ya ɓata sai ku hau babur."

Muka ratsa cikin gari, muka wuce Idu, kwalta ta ƙare, muka bi sawun shanu. Azahar muka sami rugar. Aka ba mu tabarma da fura, aka ce Ɗangoggo ya fita tun asuba ya kai maraƙi wata kasuwa, ƙila ya dawo yau, ƙila gobe.

Wannan zaman ban taɓa yin irinsa ba. Mika'ilu ya shimfiɗa buhu a gindin wata ɗorawa, ya jera sifanoni, ya kwance injinsa ya sauke shi tun mutumin bai zo ba. Na ce, "In bai dawo ba fa, da me za mu koma?" Ya ci gaba da aikinsa. Inuwa ta bar mu ta koma gabas. Muka yi la'asar. Babura biyu suka wuce can nesa, kowanne ya ɓullo sai Mika'ilu ya miƙe tsaye, ni kuwa in ce zauna, ba shi ba ne. Na uku ne na ji tun bai fito daga kwari ba. Ƙyaf-ƙyaf.

"Ga tsohuwarka nan," na ce.

Ɗangoggo ya iso da buhun gishiri biyu a baya, hayaƙi na bin sa kamar ya ɗauko murhu. Da ya ji bayani sai ya riƙe baki.

"Maigida, ai kayanka ne. Amma tun kwanaki ba ya jan tudu."

"Yaushe rabonka da juye baƙin mai?"

"Ana juyewa ne? Ni in ya ragu sai in ƙara."

Mika'ilu ya goge maiƙon gefen injin da babban yatsa, ya fito da takardar da ya kwafi lambar, muka bi ta ɗaya-ɗaya, ni da ajina uku shi da allonsa. Ita ce. Sai na ja shi gefe na ce, ai lambar a jikin kwanson take. Ka ɗauki kwanson, ka zuba masa kayan cikin naka mai lafiya, ka bar wa mutumin nan tarkacensa, da ma shi ya kashe.

"Rana ta kusa faɗuwa, ba zan farke inji biyu a kan buhu ba," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Ko da lokaci ma, in bar mutum a daji da gawa? Ga mata ga yara, in ciwo ya tashi da me zai kai su asibiti?"

Haka ya ɗauki injin da ya yi mako biyu yana lallashi, wanda ya tanada don hamada, ya ɗaure wa Ɗangoggo, ya nuna masa inda ake kwance mai. Mu kuma muka ɗauko tsohuwa da tarinta. Ta kawo mu cikin gari da ƙyar, muna gab da gangaren Kugbo ta yi shiru. Ya buga ya buga, ko tarin ma ta ƙi. Muka sauka muka tura. Babura sun fi hamsin da suka wuce mu, biyu daga ciki na gane kayan Mika'ilu a jikinsu, ba wanda ya tsaya. Da muka kai gangara muka haye, ta gangaro da mu ba wuta ba ƙara, muka shiga Nyanya ana kiran lisha.

Juma'a yana sallame asuba ya buɗe injin. Ina jin ƙarar sifana ta bango, sai na ji ta tsaya. Na zagaya. Ringi ya karye gida uku, fistin ya ƙuje kamar an bi shi da magagari. Ya aika shagunan kayan babur na Nyanya da Karu, irin wannan tsohon yayi ba kowa ke ajiye shi ba. Babu. Ƙarfe goma ta yi.

Na koma shago na jawo akwatin daga ƙarƙashin keke na dire a gabansa. Fistin da ringin da ke ciki tun don wannan injin ya saye su, suna nan cikin takardarsu. Ya dube su bai taɓa ba.

"In na sa su yanzu, ba ni da na hanya. Dokar Alhaji ce."

Indo tana tsaye a bakin ƙofar gida. Ta ce, "In ba ka sa ba, hanyar ma babu. Sa, Malam."

Ya sa.  Sau biyu ƙaramin makullin fistin yana tsalle ya faɗa ƙasa, muna rarrafe ni da shi muna nema. Ana kiran farko ya ɗaure noti na ƙarshe. Ya buga sau uku, a na huɗu ta tashi. Ƙyaf-ƙyaf, sannan ta daidaita. Muka ruga masallaci, sabulu bai fitar da ko rabin baƙin hannunsa ba.

Bayan an sauko Alhaji Badamasi ya zo, sauran bakwai na biye da shi. Ya tsuguna, ya goge, ya karanta lambar a fili, harafi-harafi. Ta yi. Na ji wani ya ce alhamdulillahi. Sai Alhaji ya miƙa hannu.

"Akwati."

Mika'ilu ya buɗe. Alhaji ya juya kayan da yatsa.

"Ina fistin?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe. Cikin injin." Ya kwashe labarin duka ya faɗa, bai rage ba, har da injin da ya bari a ruga.

"Wato ka sake ba shi. Mai kyaun."

"Na ba shi."

Alhaji ya daɗe yana kallon sa. Ni kuwa tsiya ta zo mini har baki uku, na haɗiye.

"Zan ɗaga maka dokar akwati," in ji Alhaji, "da sharaɗi ɗaya. Ka yi mini alkawari a gaban mutanen nan, daga nan har mu dawo ba za ka kwance ko noti ɗaya daga baburin nan ka ba wani ba."

Na ce a raina, ce to, bawan Allah, ce to kawai. Indo ta ja mayafi ta rufe baki. Shi kuwa gogan sai ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. In na ga mutum a hamada yana tura babur, na san kaina. Gara in faɗa maka a nan da in saɓa maka a can."

 Alhaji ya rufe littafin ya sa a aljihu, na ce shi ke nan, an gama. Sai wani ɗan kasuwa cikin tawagar, mai sayar da atamfa a Wuse, ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, mai turin nan fa da yake faɗa, a hamadar nan ba kowa sai mu."

Alhaji ya dubi baƙin baburinsa, ya dubi na Mika'ilu. Ya sake fito da littafin.

"Inji da bodi. Su biyun nan da ke cikin takarda. Su fa?"

"Su na yi alkawari."

"Gobe bayan asuba, a tashar mota. Wanda ya makara ya tarar da mu a Maiduguri."

Sai a lokacin Mika'ilu ya nemi wuri ya zauna. Na ce masa, "Kai dai ko Aljanna aka ba ka sai ka kwance ƙofar ka ba wani." Ya ce, "Je ka ɗinka mini madaurin jarka, Bakanon banza." A nan na san ya dawo hayyacinsa.

Sun tafi su tara. Wata huɗu da kwanaki suka yi, suka dawo su tara. Na gane shi tun daga kwanar tasha saboda tarin, don da ido ba zan gane baburin ba. Tankin ya koma shuɗi, tayar gaba ta fi ta baya girma, fitila babu, sirdin kuma wani buhu ne aka naɗe da igiya, nawa da na ɗinka masa yana can ƙarƙashin wani mutum a Sudan. Kabarin kakansa bai gani ba, ya ce dai duk garin da suka tsaya ya yi masa addu'a, ko Allah ya sa a nan yake. Kafin in yi masa barka da zuwa na tsuguna na goge gefen injin da bakin rigata na duba. Lambar tana nan.